Garin Nishaɗi

Ranar da jikana Ammar ya dawo daga makaranta da aljihun rigarsa a yage, ya ce wani yaro ne ya gaya masa an taɓa kama ubansa da ƙwaya, ranar na ce to, shiruna ya isa haka. Na daɗe ina barin kowa a unguwar Misfala yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, har da waɗanda a lokacin ko haƙori ba su fitar ba. Yanzu ku 'ya'yan Faisal ku saurari nawa, domin ni na dama kunun, ni kuma na tona asirin. Babu wanda ya kama ubanku. Da ƙafarsa ya kai kansa, amma ba za ku gane dalili ba sai kun fara sanin kakanku.

Kakanku Malam Sule tela ne. Da gemunsa ya zo Makka daga Kano, ni kuwa a Misfala aka haife ni, a nan na yi wayo. Larabcinsa na kasuwa ne. Ya iya cinikin yadi, ya iya ce wa mai kaya ya dawo gobe in sha Allahu, ya kuma iya masifa da direban da ya tare masa ƙofar shago. Amma Larabcin talabijin, wanda ake ja kamar ana huɗuba, sai dai ya tsinci kalma guda ya ɗinka mata sauran ma'anar da kansa. Kuma idan ya ɗinka, ba ya yarda a farke.

Da ubanku ya fara haukan keke, Malam ne kan gaba wajen hana shi. Ya ce shi bai bar garinsu ya zo ƙasa mai tsarki don ya haifi ɗan da zai ƙare a kan sirdi da ɗan guntun wando ba. Faisal bai yi musu ba, bai kuma daina ba, har wata ƙungiyar tsere a Jidda ta ɗauke shi, ya zama keke ne aikinsa kamar yadda ɗinki yake aikin ubansa. Wata rana da la'asar ya shiga shagon ya kamo tashar wasanni, don kawai Malam ya ga irin abin da ake yi a Turai. Tseren nan ne na makonni, wanda ake hawan duwatsu, jama'a sun cika bakin hanya suna ihu, wasu suna bin 'yan tsere a guje da tutoci. Malam ya ɗago kai don ya tsawata a kashe. Bai sake sunkuyar da kan ba sai da aka kira magariba.

Daga ranar muka rasa shi. Sunayen 'yan tseren ba su shiga bakinsa, don haka ya raɗa musu nasa: akwai Wuyan Zalɓe, akwai Mai Baƙin Rai, akwai kuma Siriri, wani ɗan ƙaramin Bature da ba shi da nama ko na miya, wanda Malam ya ɗauka tamkar shi ya haife shi. Da ya ga wanda ke kan gaba ruwan ɗorawa yake sawa, sai ya ɗinka wa kansa jallabiya ruwan ɗorawa, ya riƙa ratsa Misfala da ita, mahajjata suna tare shi da tambayar hanya don sun zaci ma'aikaci ne. Yana da tsohon keken ɗinki na ƙafa da ya ƙi rabuwa da shi. Idan Siriri ya fara hawan dutse, ƙafar Malam ita ma sai ta ɗau gudu a kan keken, idonsa na kan talabijin, yadi na tafiya inda Allah ya nufa. A haka ya taɓa ɗinke wuyan rigar limaminmu ruf, babu inda kai zai shiga.

"Ni da Faisal ai sana'armu ɗaya," in ji shi. "Duk keke muke tuƙawa. Nawa ne dai ba ya barin wurin."

Ana nan, wata rana ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Na zaci rasuwa aka yi a Kano. Ashe Siriri aka kora daga tsere, aka ƙwace rigarsa ruwan ɗorawa ta na kan gaba. Mai sharhi ya yi ta nanata wata kalma, munashshiɗat, wato magungunan ƙara kuzari da aka haramta wa 'yan wasa. Malam kuwa a cikin kalmar nan abu ɗaya ya ji.

"Nishaɗi, Hajiya! Saboda nishaɗi suka kore shi. Yaro ya hau dutse yana murmushi, shi ke nan sun sa masa ido. Yanzu duniya ta kai mutum ya yi nishaɗi a ce ya yi laifi?"

Faisal ya zauna ya warware masa da Hausarsa mai ɗingishi, yana cike giɓi da Larabci. Ya ce allurai ne da ƙwayoyi, wasu har jininsu ake canja musu. Ya ce shi ya sa bayan tsere ake ɗiban fitsarin mutum a gwada, kuma shi ya sa ɗan tsere ba ya karɓar ko ruwa daga hannun 'yan kallo, don bai san abin da ke ciki ba. Malam ya fi jin haushin maganar fitsarin. Ya ce wane irin aiki ne wannan, babban mutum da iyalinsa ya tashi da safe ya tafi karɓar fitsarin 'ya'yan mutane. Daga ƙarshe dai ya gyaɗa kai.

"To, na gane. Nishaɗin Turawa ne aka hana, na allura. Namu na gida ai itatuwa ne, Allah ya tsiro da su."

Muka yi dariya gaba ɗaya, har da Faisal, aka tashi aka ci tuwo.

A shekarar ne aka shirya babban tsere a nan ƙasar, da ƙungiyoyi daga waje, aka kuma sa sunan ubanku cikin waɗanda za su hau. Abin da yake ta wahala a kansa ke nan tun yana yaro. Malam ya kusa tashi sama. Ya yi shatar bas don maƙwabta, ya ɗinka wa kowa hula ruwan ɗorawa, har liman, wanda ya karɓa bayan ya duba ya tabbatar wannan karon akwai wurin shigar kai. Daidai lokacin wani abokinsa, Alhaji Ɗan'iya, ya zo umara daga Kano. Na ga sun shige ɗaki sun rufo ƙofa, na ji ana ƙus-ƙus, ban kawo komai a raina ba, don tsofaffi biyu idan sun rufe ƙofa yawanci maganar ciwon gwiwa ce.

Lokacin mun riga mun koma unguwar Shisha da zama, kuma kowace safiya nakan dama wa Faisal kunun gyaɗa kafin ya fita. Malam mutum ne da tunda aka ɗaura mana aure bai san inda ake ajiye ludayi ba. Sai ga shi ya fara shigowa kicin bayan asuba, yana cewa in huta, shi zai kai wa yaron kofinsa. Da farko daɗi na ji, na ce tsufa ya fara gyara min miji. Sai Faisal ya ce min kunun ya ɗan yi bauri kwanan nan, ko gyaɗar ce. Ya kuma ce, cikin murna, ƙafafunsa sun daina ciwo, yana jin zai iya kai Jidda ya dawo bai sauka ba. Washegari na ba Malam kofin, na yi kamar na shiga ɗaki, na laɓe a bayan labule. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zaro gwangwanin madara daga aljihun jallabiya, ya ɗebi wani gari mai ƙasa-ƙasa ya zuba, yana motsawa da ɗan yatsa yana bisimilla.

"Malam, me ke nan?"

Ya zabura har murfin ya faɗi. Sannan ya gyara tsayuwa, ya yi min irin murmushin wanda aka kama yana sadaka a ɓoye.

"Garin nishaɗi ne. Ɗan'iya ya kawo min daga wurin wani mai magani a gida. 'Yan dambe shi suke sha, manoma ma haka. Sassaƙe ne da saiwa, babu allura, babu Bature a ciki."

"Me da me aka haɗa?"

"Hajiya, ana tambayar mai magani sirrinsa? Ke dai ba ki ga yadda yaron ya koma ba? Turawan nan kowa da abin da uwarsa ta ba shi zai zo. Ni nawa ɗan sai ya tafi haka nan da kunu zalla?" Sai ya sassauta murya. "Wannan tsakanina da ke ne. Kada ki gaya masa. Kin san yaran yanzu, komai sai sun tambayi likita."

Na karɓi kofin na ce ya huce, bari in dama wani. Bai hana ni ba, don ya ɗauka mun gama magana.

Ban taɓa fitar da sirrin kakanku ba tunda muke, ko ga mahaifiyata. Kuma na san abin nan da zuciya ɗaya ya yi shi, ƙauna ce tsantsa, ita ce ma ta sa abin ya fi yi min nauyi. Amma na tuna Siriri, yadda aka nuna shi yana rufe fuska da hula 'yan jarida na binsa, na ce idan aka yi wa ɗana haka a kan abin da bai ma san ya sha ba, da wane ido zan dube shi? Wuni guda ina jujjuya abin, na ƙona shinkafa, na zuba gishiri a shayi. Da gari ya sake wayewa, Malam ya tafi masallaci, Faisal ya riga ya fita, na lalubo gwangwanin a ƙarƙashin yadukan da ke kabat, na sa abayata na tsayar da tasi.

Idan ba lokacin hajji ba, titunan wajen Muzdalifa fayau suke, faɗi kamar fili, babu bas babu mahajjaci, shi ya sa 'yan keke suke zuwa can motsa jiki. Direban wani mutumin Maraɗi ne. Da na faɗa masa inda za mu, ya dube ni ta madubi.

"Hajiya, Muzdalifa yanzu? Ko dai kin yi sammakon hajjin baɗi ne?"

Na ce ya ja mota, ɗana nake nema, yana kan keke. Da muka hango su sun jeru kamar zaren carbi, kowa da hular kwano da baƙin tabarau, sai na kasa gane nawa. Na sauke gilashi na fito da kai ina kiran Faisal, direba na danna ham, shi ma ya kama kiran Faisal kamar ya san shi. Ban taɓa zaton ni ce zan fara bin 'yan tsere da ihu kafin Malam ba. Can ɗaya ya ware daga layin ya tsaya.

"Ummi! Lafiya? Abuya ne?"

Na ce ubansa lafiya lau, lafiyar ce ma ta yi masa yawa. Na miƙa masa gwangwanin na faɗa masa komai a tsaye a bakin titi. Ya buɗe, ya sansana, ya zauna a kan dakalin hanya da hularsa a hannu. Wani abokin tserensa da ya dawo duba shi ya ji ƙarshen maganar, ya ce da Larabci a zubar da garin a yi shiru, ba kowa ake gwadawa ba, wataƙila ma kafin ranar jikinsa ya wanke. Ni kaina, Allah ya sani, na so ya ɗauki shawarar. Faisal ya rufe gwangwanin ya miƙe.

"Ummi, idan na yi shiru na hau na ci, ba zan taɓa sanin ƙafata ce ta ci ko gwangwanin Abuya ba. Khalas, shi ke nan. Wurin likita zan kai."

A ranar ya kai wa likitan ƙungiyarsu, aka aika aka gwada. Akwai sassaƙe a ciki, gaskiyar Malam, akwai citta da kanumfari. Amma mai maganin ya daka ƙwayoyin asibiti ya gauraya, masu kashe ciwo da masu sa jiki ya ji ƙarfin ƙarya, kuma duka suna cikin waɗanda aka haramta. Da yake shi ya kai kansa, an sassauta masa, amma an cire shi daga babban tseren, aka kuma dakatar da shi har ƙarshen kakar tseren. Ya dawo gida ya jingine keken a bayan ƙofa, ya shiga ɗaki. Bai ɗaga wa ubansa murya ba, ko sau ɗaya. Da ya yi faɗa ma da ya fi mana sauƙi.

Ranar tseren bas ta zo ƙofar shago kamar yadda aka shirya, maƙwabta sun hallara da hulunansu, don Malam ya kasa gaya wa kowa. Sai da suka gama zama ya hau matakalar bas ɗin cikin jallabiyarsa ruwan ɗorawa, ya ce Faisal ba zai hau ba, kuma ba laifin yaron ba ne, shi ne ya zuba masa nishaɗi a kunu. Liman ne ya fara magana, ya ce to tunda an riga an soya kaji, a wuce Jidda a ci a bakin teku. Haka aka yi, Malam ne kaɗai bai je ba. Waɗanda ke cikin bas sun ji gaskiya daga bakinsa. Amma labarin da ya zaga Misfala gajeren ne, an kama ɗan Malam Sule da ƙwaya, don shi ya fi daɗin faɗa a bakin shago. Shi ne ya rayu har ya yaga aljihun Ammar.

Ni kuwa na biya nawa. Malam ya daina yi min magana kai tsaye, sai ta talabijin. Zai zauna yana kallon tsere, ina gefe ina tsince shinkafa, sai ya dubi mai sharhi ya ce, "Ka gaya wa wasu mutane a gidan nan shayi ya huce." Ni ma sai in dubi akwatin in ce, "Ka gaya masa butar na inda ya saba samun kofin kunu, tunda yanzu ya san hanyar kicin." Mai sharhin nan ya sha aike a gidanmu. Wannan duk ya wuce kafin azumi. Abin da bai wuce ba shi ne hannunsa. Kakanku mutum ne da yake ciyar da 'ya'yansa da hannu, tsokar da ta fi kyau a kwanonsa sai ya ciro ya miƙa wa wanda ke kusa, ko da mai gemu ne. Daga ranar bas ɗin nan bai sake miƙa wa Faisal komai ba. Ko dabinon buɗa-baki ne, sai ya turo min farantin ya ce in ba shi. Faisal ya yi ta cewa ya wuce, Abuya, wallahi ya wuce. Malam sai ya ce ya sani, ya kuma sake turo min farantin. Na fi jin zafin wannan a kan duk maganganun Misfala.

Da kakar tsere ta zagayo ubanku ya koma kan keke. Aka sa wani tsere da zai hau dutsen nan na hanyar Ɗa'ifa, mai lanƙwasa kamar hanji. Wannan karon babu bas, babu huluna, daga ni sai Malam, sai mutumin Maraɗi da ya zama direbanmu tun ranar Muzdalifa. Muka tsaya a wata kwana inda hawan ya fi tsanani. Malam ya sa jallabiyarsa, yana riƙe da gorar zamzam da ya cika da kansa a Harami. Na ce me zai yi da ita, ya ce shi zai sha, ko an hana tsoho jin ƙishirwa ne.

Na gaba suka wuce, na tsakiya suka wuce. Sai can ga Faisal shi kaɗai, ya miƙe tsaye a kan feda, keken na rangaji, leɓensa ya bushe fari fat, gorunan da ke jikin keken duk babu komai. Kafin in ankara Malam ya tattare jallabiya ya faɗa titi. Tsoho mai ciwon gwiwa, takalmi ɗaya ya fice, yana gudu a gefen ɗansa yana ihu da duk abin da ya koya a talabijin, Hausa da Larabci da wani yare da ban san inda ya samo shi ba. Faisal ya waigo ya ga gorar, ya miƙo hannu.

"Abuya, ruwa!"

Malam ya maida gorar bayansa, yana haki.

"A'a! Ba a karɓa daga hannun 'yan kallo! Kai ka faɗa!"

"Abuya, don Allah!"

"Ban san abin da ke ciki ba!"

Zamzam ne fa, shi ya tara shi da hannunsa. Suna tafe a haka, ɗa na miƙo hannu, uba na ɓoye gora, 'yan kallo na dariya, ni ina biye da takalmi a hannu. Sai dabara ta faɗo wa Malam. Ya cire murfin, ya ɗaga gorar sama, ya tuttule ta a kan hular Faisal.

"Wannan dai ba ya shiga fitsari!"

Ubanku bai ci tseren ba, bai ma kusa ba. An gwada shi bayan an gama, aka same shi fes, kamar yadda aka riƙa samunsa har ya ajiye keke. Kakanku kuma har Allah ya karɓi ransa yana bugun ƙirji cewa ko ɗigo bai ba yaron ya sha ba a kan dutsen nan, ya kiyaye doka. Ban taɓa ƙaryata shi ba. Amma ni ina daf da su, kuma idona a lokacin garau yake. Da ruwan ya gangaro daga hular, Faisal ya ɗaga fuskarsa wajen hannun ubansa, ya buɗe baki, ya sha.

Ammar, wannan za ka gaya wa yaron, da baki, ba da hannu ba. Idan kun gama karantawa ku yi wa kakanku addu'a, sannan wani ya kawo min rigar nan in ɗinke aljihun a kan kekensa.